Mai Hoto a Gida: Yadda Ake Kama Abin da Ya Fi Ido Sauri

A watan jiya mun yi magana a kan hoton mutum a zaune ko a tsaye, inda mai hoto yake da sukunin cewa a gyara hula, a ɗaga haɓa, a dubo nan. Wannan wata kuwa za mu juya ga abin da ba ya jiran kowa, watau doki a guje, da ɗan dambe sa'ad da ya kai naushi, da masunci sa'ad da ya jefa birgi, da yaronku a filin makaranta ranar tsere. Irin waɗannan ba a ce musu su tsaya. In mutum ya kuskure su, sun wuce ke nan.

Akwai wata dabara a cikin kyamara, har da ta wayar da take aljihunku, wadda aka yi domin wannan aiki. Mu muna kiranta ɗauka a jere. Maimakon a danna maɓalli a sami hoto guda, sai a danne shi a riƙe, kyamara ta yi ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, goma ko fiye cikin sakan guda, har a saki. Dabara ce mai amfani ƙwarai, amma tana ɗora wa mai hoto wani nauyi, za mu kuwa zo kansa a gaba.

Me ya sa yatsa yake makara?

Tsakanin lokacin da ido ya ga abu da lokacin da yatsa ya motsa akwai ɗan jinkiri na wajen rubu'in sakan. Haka jikin ɗan Adam yake, ba ragwanci ba ne. Bari mu yi lissafi irin na aji. Dokin da yake sukuwa a kan kilomita 50 cikin awa yana cin kusan mita 14 kowane sakan. A cikin rubu'in sakan ɗin nan da yatsanku yake shiri, doki ya riga ya yi gaba da mita uku da rabi. Shi ya sa mutum yakan duba hotonsa ya tarar da wutsiya da ƙura kaɗai. Naushin ɗan dambe kuwa yakan tashi ya isa inda aka aike shi kafin rubu'in sakan ya cika. Wanda ya jira sai ya ga naushi ya sauka sa'an nan ya danna, hoton bayan faɗa zai samu.

Gardamar ƙafafun doki

Asalin wannan dabara gardama ce a kan doki. A ƙasar Amurka akwai wani attajiri mai kiwon dawaki, Leland Stanford, wanda ya taɓa zama gwamnan Kalifoniya. Tambayar da ta dame shi ita ce, shin akwai lokacin da doki a guje yake ɗauke ƙafafunsa huɗu duka daga ƙasa? Waɗansu suka ce akwai, waɗansu suka ce ba ya yiwuwa. Kowa ya sha ganin doki yana gudu, amma ba wanda idonsa ya iya raba gardamar.

Sai ya sa wani mai hoto mutumin Ingila, Eadweard Muybridge, ya bincika. A watan Yuni na 1878, a gonar Stanford da take Palo Alto, Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen hanyar sukuwa, ya shirya su yadda za su ɗauka bi da bi sa'ad da doki yake wucewa. Aka saki wata goɗiya mai suna Sallie Gardner. Da aka wanke hotunan, sai ga ta a sama, ba kofato ko ɗaya a ƙasa. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne yadda ƙafafun suke a wannan lokaci. Masu zane sun daɗe suna zana doki da ƙafafun gaba a miƙe gaba, na baya a miƙe baya. Ashe a takure suke a ƙarƙashin ciki.

Ku lura, da hoto guda aka ɗauka, da mai gardama ya ce dace ne kawai, ko kuwa tsalle dokin ya yi. Jerin ne ya kashe bakin kowa, gama kowane hoto yana ba na kusa da shi shaida.

Bayan shekara huɗu, a 1882, wani masani Bafaranshe, Étienne-Jules Marey, ya ƙera kyamara mai siffar bindiga wadda take ɗaukar hoto 12 cikin sakan guda, ya riƙa auna ta ga tsuntsaye suna tashi. Daga irin waɗannan gwaje-gwaje ne silima ta samo tushe.

Daga fim zuwa waya

Manyanmu za su tuna da zamanin fim. Nadi guda yana ɗaukar hoto 36, a saya da kuɗi, a kai wanki da kuɗi. A shekarun 1970 masu hoton jarida sukan ɗaura wa kyamara irin Nikon F2 wani ɗan inji mai jan fim, wanda yake iya kaiwa hoto biyar a sakan. Wanda ya danne maɓalli bai saki ba, cikin sakan bakwai fim ɗinsa ya ƙare. Saboda haka mai hoto na wancan zamani ba ya danna sai ya tabbata.

Yanzu abin ya sake. A 2013 wayar iPhone 5s ta fito da ɗaukar hoto goma a sakan, sauran masu ƙera waya kuma suka sa irin wannan a nasu. Kyamarar Sony A9 ta 2017 tana ɗaukar 20 a sakan, ƙanwarta A9 III da aka bayyana a 2023 kuwa har 120. Abin da dā sai ma'aikacin babbar jarida yake da shi, yau yana hannun ɗan sakandare a Bakura.

Yadda ake yi

Na ɗaya, ku nemi inda dabarar take tun kuna gida, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A wayoyi da yawa danne maɓallin hoto ake yi a riƙe. A waɗansu, riƙewa bidiyo take kawowa, sai a ja maɓallin maimakon haka: a sababbin iPhone a ja shi hagu, a Samsung da yawa a ja shi ƙasa wajen bakin waya. A babbar kyamara ku nemi alamar katuna uku da suka hau kan juna. In kun dace za ku ji ƙarar ɗauka a jere, ko ku ga lamba tana hawa.

Na biyu, ku nemi haske. A cikin kyamara akwai wani abu kamar ƙyaure, wanda yake buɗewa haske ya shiga, sa'an nan ya rufe. In ya daɗe a buɗe, abin da yake motsi sai ya fito dishi-dishi. Mu koma ga dokinmu. In ƙyaure ya buɗe na kashi ɗaya cikin 60 na sakan, doki ya matsa wajen taƙi guda kafin ya rufe, hoto ya lalace. In kuwa kashi ɗaya cikin 1000 ne, matsawar ba ta wuce faɗin ɗan yatsa ba, har gashin gezarsa za a ƙidaya. Mai babbar kyamara ya sa ta a kan 1/1000 domin doki da dambe, 1/500 kuwa ta isa domin yara masu gudu. Waya ita take zaɓa wa kanta, kuma ba ta zaɓar mai sauri sai in akwai rana sosai. Saboda haka hoto hamsin da aka ɗauka bayan faɗuwar rana hamsin ne marasa kyau. Yawan ɗauka ba ya maganin duhu, fitilar waya kuma yawanci ba ta aiki a wannan hali.

Na uku, ku sa rana a bayanku ko a gefenku, ku goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi. Ƙurar hunturu da ta filin wasa ba ta jin kunyar kowa.

Na huɗu, ku nuna wa kyamara wanda kuke so. A waya, ku taɓa jikinsa a kan allo kafin wasa ya yi zafi. A babbar kyamara, ku sa ta a saitin da yake bin abin da yake motsi. In ba haka ba, za ta kama fuskokin 'yan kallo tas, ta bar gwaninku a hazo.

Na biyar, ku ɗauka gutu-gutu, sakan ɗaya ko biyu, ku saki, ku sake. Kyamara tana zuba hotuna cikin katin memori kamar yadda ake ɗura mai a kwalba ta mazurari. In aka zuba da yawa gaba ɗaya, mazurari ya cika, tilas a dakata ya tsiyaye. Sau da yawa a cikin wannan dakatawa ne abin da aka zo dominsa yake faruwa. Har wa yau, sakan goma a kan hoto goma-goma hoto 100 ke nan, in kuwa kowane ya kai megabait 3, kun cinye megabait 300 a kan abu guda.

A filin dambe

Sa'ad da aka kawar da amfanin gona, kalangu yakan tashi a garuruwan ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, 'yan dambe su fito. Mai hoton da bai san dambe ba, ko kyamararsa ta fi ta kowa tsada, ba abin da zai kawo gida. Ɗan dambe yana miƙa hannu ɗaya gaba, shi ne garkuwa, ɗayan kuwa da aka naɗe da kara yana baya, shi ne mashi. Su biyu sukan daɗe suna zagaya juna suna auna juna, har mai gaggawa ya cika wayarsa da hotunan mutum biyu a tsaye. Kada ku zuba ido ga dunƙulen hannu. Ku dubi kafaɗar mashi da ƙafar baya, gama daga nan naushi yake tasowa. Da zarar kafaɗa ta juya, ku danne.

Kada kuma ku saki da wuri. A dambe, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, turmi ya ƙare. Amma sau da yawa hoton da ya fi daɗin gani yana bayan kisan: gwani ya ruga wajen makaɗa, magoya baya sun ɗaga shi sama, wani yana liƙa masa kuɗi a goshi. Ku ƙara sakan guda bayan kun ga kamar an gama.

A bakin Bakolori

Wanda yake son koyo ba tare da cunkoson jama'a ba, ya nemi masunci. Madatsar Bakolori, wadda aka gama ginawa a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ita take ba gonakin rani na Talata Mafara da Bakura da Maradun ruwa, akwai kuma masu su a tafkin da kewayensa. Mai birgi yakan tattara komarsa a hannu da kafaɗa, ya murɗa jiki baya, sa'an nan ya watsa ta. Tana barin hannunsa a dunƙule, ta buɗe a iska kamar faifai, dalmar bakinta ta jawo ta kan ruwa. Hoton da ake nema shi ne na lokacin da ta gama buɗewa ba ta kai ga ruwa ba, wanda ɗan ƙiftawar ido ne. Ku danne tun yana murɗa jiki, ku saki bayan ruwa ya fantsama. Kyawun wannan makaranta shi ne masunci zai sake jefawa, ya kuma sakewa, har hannunku ya faɗa. Ku gaishe shi tukuna, ku nemi izni, ku nuna masa abin da kuka samu.

A filin sukuwa

In an yi hawa da salla, ko a gaban fadar Sarkin Mafara ne, ko ta Sarkin Burmin Bakura, ko ta Sarkin Kayan Maradun, ko kuwa babban hawa irin na Kano da Katsina, doka ta fari ita ce ku tsaya inda dogarai suka tsai da jama'a. Mai duban allo ba ya ganin dokin da ya kauce hanya, ba kuwa hoton da ya kai ƙafar mutum daraja. In doki yana gilmawa ta gabanku, ku kafa ƙafafu, ku manna gwiwar hannu a jiki, ku juya daga ƙugu kuna binsa, kuna ɗauka kuna juyawa. Ku bar fili a gaban hancinsa fiye da bayan wutsiyarsa. In jahi ne, abin nema shi ne ƙarshensa, sa'ad da mahaya suka ja linzami gaba ɗaya, dawaki suka turje, ƙura ta tashi, aka ɗaga hannu aka yi jinjina. Tun da kun san inda za su tsaya, ku saita kyamara a wurin tun kafin su taso.

Abin da kyamara ba ta gani ba

Ga wani lissafi da muke so kowane mai hoto ya riƙe. In kyamara tana ɗaukar hoto goma a sakan, kowane kuma ƙyaure ya buɗe na kashi ɗaya cikin 1000, to, a cikin sakan ɗin nan duka kashi 10 cikin 1000 kaɗai ta gani, watau ɗaya cikin ɗari. Sauran kashi 99 idonta a rufe yake. Tsakanin hoto da hoto dokinmu ya ci kusan mita ɗaya da rabi. Gwiwar ɗan dambe tana iya taɓa ƙasa ta tashi tsakanin hoto na biyar da na shida. Saboda haka in gardama ta tashi a fili, hoton da ya nuna gwiwa a ƙasa shaida ne, amma rashin irin wannan hoto bai isa a ce ba ta taɓa ba. Kada mai waya ya mai da kansa alƙalin wasa.

Nauyin zaɓe

Yanzu mun zo ga nauyin da muka ambata da fari. Kun dawo gida da hoto goma sha biyu na turmi guda. A na huɗu, dunƙulen hannun Tanko, bari mu kira shi haka, yana kan muƙamuƙin abokin karawarsa, fuskar wancan ta karkace. A na tara kuwa, Tanko ne a ƙasa, gama wancan ya shanye naushin ya rama. Dukan hotunan nan gaskiya ne, ba wanda aka yi wa ƙari ko ragi. Amma wanda ya ɗauki na huɗu shi kaɗai ya watsa a WhatsApp ko Facebook ya gaya wa duniya Tanko ya yi kisa, ko da bai rubuta kalma ɗaya ba. Ya yi shaidar zur da hoton gaskiya.

Sunan Shago ya kai ga yaran yau ta bakin Ɗan Anace, wanda ya yi masa waƙa. Amma kowa ya san mawaƙi gwaninsa yake yabo, mai ji kuma yakan rage wani abu da kansa. Hoto ba haka ake karɓarsa ba. Mutane sun ce gani ya kori ji, wanda ya ga hoto kuma yakan ɗauka kamar yana wurin. Shi ya sa amanar mai hoto ta fi ta mawaƙi nauyi.

Akwai kuma maganar mutunci. A cikin kowane jeri akwai hoton da ido ba zai taɓa kamawa ba, amma kyamara ta kama: dattijo yana zamewa daga sirdi rawaninsa ya warware, yarinya tana tsere zanenta ya goce, malami yana magana bakinsa ya karkace, idonsa rabi a rufe. Waɗanda suke wurin ba su ma lura ba, domin abin bai kai rubu'in sakan ba. Amma in ya shiga wayoyin gari, ya zauna ke nan, yarinyar kuwa tana iya ƙin sake shiga tsere har ta bar makaranta. Mu da muke aiki da yara mun san yadda dariyar rana ɗaya takan bi yaro shekara da shekaru.

Saboda haka ga shawararmu. Ku zauna a ranar da kuka ɗauka, ku bi jerin ɗaya-ɗaya. Wanda bai fito sosai ba ku share. Wanda zai kunyata wani ku share nan take, kada ku ajiye domin raha, gama waya takan faɗa hannun da ba a zata ba. A cikin sauran ku zaɓi ɗaya ko biyu, ku tambayi kanku, in wanda yake cikin hoton ya gani, zai ce lalle haka abin ya faru? In hoto guda ba zai faɗi labarin daidai ba, ku jera uku, farko da tsakiya da ƙarshe, kamar yadda Muybridge ya yi da goɗiyar nan. Hoton 'ya'yan mutane kuma kada ya fita daga wayarku sai da yardar iyayensu.

Aikin wannan wata

Ku fita tsakar gida da hantsi, sa'ad da ake shiƙar hatsi ko yara suna tsallen igiya. Da fari ku gwada kama hatsi a iska, ko yaro a ƙolin tsalle, da dannawa guda-guda har sau goma. Sa'an nan ku yi ɗauka a jere sau uku, kowace ta sakan ɗaya. Ku ƙidaya masu kyau a kowane gefe. Bayan haka ku kira iyali, ku ba kowa dama ya zaɓi hoto guda ya faɗi dalilinsa, wanda aka ɗauka kuwa shi ne da magana ta ƙarshe. Wanda aka yarda da shi ku kai a wanke a takarda, a rataye a ɗaki. Hoto ɗaya a bango ya fi ɗari a cikin wayar da ba a san ranar lalacewarta ba.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake ɗaukar hoto a cikin ɗaki da kuma da dare.